Gurbin Rubutun Yaya Barmo

Yaya Barmo ɗan wan babana ne. Gidansu daga shi sai mahaifiyarsa sai agwagi biyar. Ya iya karatu da rubutu tsaf, matsalarsa ɗaya: abin da ka ce masa, shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Da na dawo bayan shekara bakwai a Fatakwal, zaman banza ya ishe ni, na haɗa wa ɗakin shan maganin garinmu manhajar kwamfuta ta rubuta koken marasa lafiya. Dangi suka matsa sai na ɗora shi a kanta. Sista Lantana, mai kula da wurin, ta ce gwajin sati ɗaya ne. In ya ba ta ciwon kai, da shi da manhajar duk waje.

Wata rana na tarar da wata tsohuwa tana sababi. Gurbin da na yi wa koke layi ɗaya ne tak, na kuwa ce masa kada rubutu ya wuce shi. Tana cikin bayani ya ɗaga mata hannu.

"Iya, ya isa. Gurbi ya cika. Ciwon ƙafar sai gobe."

Raina ya ɓaci. Na zauna na sauya gurbin da babba mai layi takwas, wanda in ya cika sai ya ci gaba da gangarawa ƙasa. Na ce, "Yaya, ga fili. Rubuta duk abin da suka ce."

Wata rana Sista ta kira ni tana huci. Ta nuna mini abin da ya rubuta: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya ruwa, kowace gaisuwa da layinta. Sai a can ƙasa ka ga "zazzaɓi".

"Jafaru, magani zan bayar ko gaisuwa zan amsa?"

Wata rana kuma ya tsare wata mai jego, wai kokenta layi uku ne, saura biyar babu komai. Sai da ta ƙago ciwon kunne da na haƙori ya sallame ta. Na daka masa tsawa har agogon bango ya amsa.

"Ba kai ke sa musu tsawo ba! In mutum ya gama magana, ka adana. In bai gama ba, kada ka taɓa!"

Wata rana, ranar cikar satin, wani dattijo, Baba Mato, ya zo da jiri. Ya yi bayani ya fita gindin darbejiya jiran allura, can ya ci gaba da hira da wani abokinsa. Yaya Barmo ya karkata kunne ga taga yana ta bugawa. Layin mutane ya kai bakin titi. Sista ta fito da sirinji a hannu, ta ce in kwashe kayana. Ta ja rubutun ƙasa don ta nuna mini shirmen, sai ta yi cak a layi na sittin: "Ban gaya musu na sha maganin tsutsar awaki ba, kwana uku ke nan. Faɗa za su yi."

Ta ajiye sirinjin a hankali.

"A shigo da Baba Mato. Kai kuma Jafaru, bar kwamfutar inda take."

Yaya Barmo ya jawo rigata, kunnensa na kan taga.

"Ƙanena, har yanzu fa bai gama ba."