Ɗigon da ke Kuncin Hajiya

Lokacin da kuɗin mai suka cika ƙasa, soja na mulki, na dawo Sakkwato daga kwas ɗin gyaran fata a Ingila. Ni nas ce, sai na buɗe ɗan ɗaki a Ƙofar Dundaye ina duba fuskokin mata, ina zaɓa wa kowace man da ya dace da ita. A ganina duk garin babu idon da ya kai nawa.

Ranar nan wata Hajiya mai sayar da atamfa ta zo da ƙawayenta. Na kwantar da ita, na haska fitila, sai na hango baƙin ɗigo a kuncinta. Na ɗaure fuska na ce irin wannan ba a wasa da shi, gobe-goben nan ta kama hanyar asibitin Zariya a yanke shi. Ƙawayen suka ɗauki salati, ɗaya har da hawaye.

Hajiya ta tashi zaune ta ce, "Wanga na nan?" Ta lashi yatsa ta goge shi tas. "Kwalli na, ɗiyata. Ni nis sa shi da sahe."

Ban ba da haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. Da na gaske ne, da har yanzu 'ya'yanta suna sa mini albarka.

Amma har yau in na shiga gidan biki, sai wata ta dafe kunci ta ce, "Ku ɓoye kwallinku, ga Sista Zariya nan."