Mangwarona da Shebur ɗin Zinariya

Ranar Litinin na fito da kofin shayi, na jingina da mangwaron ƙofar gidana kamar kullum, sai na tashi da ja a gadon baya. Matata Rohaya na ganin rigar ta saki salati: "Maigida, wa ya sare ka?"

Ashe fenti ne. Ba ni za a sara ba, bishiyar aka yi wa alama.

Kun dai san yadda muke a nan unguwar Taman Kenanga. Ɗan filin da ke tsakanin ƙofa da kwalta na hukuma ne, amma kowa shukarsa yake yi. Inna Siew Lan tana da ayaba, maƙwabcina Thevan yana da bishiyar ganyen kori na miya, ni kuwa mangwaron nan marigayi mahaifina ne ya dasa shekarar da muka tare. Duk layin nan babu bakin da bai sha shi ba.

Na garzaya ofishin hukuma. Wani matashi mai ƙamshin turare ya tarbe ni da fara'a.

"Baba, ai albishir ne! Unguwarku ce ta zo ta ɗaya a yawan itatuwa. Mai Girma zai zo ya dasa bishiya da hannunsa."

Na ce, "To ya dasa a filin wasan yara mana, ga shi can fetal."

"Can hoto ba ya kyau. Ƙofarka ce ke samun hasken safe, bishiyar nan ce kawai ta tare shi."

Kun ji ilimi. Ni da jahilcina, na ɗauka inuwa ake nema.

Da na kai wa Thevan kuka, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Kai ka gode Allah, ɗan gata! Kwatar ƙofata tun yaushe take ambaliya, ko ɗan aike ban gani ba. Kai kuwa Mai Girma sukutum."

Ranar Alhamis ma'aikata suka kayar da bishiyar, da ɗanyun 'ya'yanta a jiki. Wallahi raina ya ɓaci, sai da na shige ɗaki don kada yaran layi su ga idona.

Asabar Mai Girma, Uban Ganyaye, Garkuwan Tsirrai, Allah ya ƙara masa sanyi, ya iso. Ƙarti biyu ne ke riƙe masa laima, don wurin rana ƙwal. Aka miƙa masa shebur mai ruwan zinariya, ya watsa ƙasa a gindin wani tsiro da bai wuce gwiwata ba, ya ce jikokinmu za su yi masa addu'a a ƙarƙashinsa. Muka tafa, aka raba shinkafar kwakwa, har da rabin ƙwai.

Na ce to, tsiro dai ba shi da laifi. Da yamma na ba shi ruwa, na kewaye shi da kara saboda karnuka.

Washegari sai ga babbar mota. Ma'aikata suka tono shi tsaf, ashe da tukunyarsa aka binne shi.

Na ce, "Kai! Ina za ku da shi?"

"Na ofis ne, Baba. Gobe Mai Girma zai dasa shi a wata unguwar."

Amma kada a ce na yi butulci, sun bar mini allo kafe a kan kututturen, an rubuta cewa sare itatuwa laifi ne. Da hantsi in na tsuguna na ɗan karkace, inuwarsa tana rufe mini kai. Rohaya ma ta ce in riƙa ba allon ruwa, ko Allah zai sa ya yi 'ya'ya baɗi.