Ranar da Giwa Ta Tura Janwe

Ranar Litinin na fito da safe na tarar an shafa wa ƙofar motata jan fenti, an manna takarda a gilashi. Ni karatuna bai wuce lambar mota da allon hanya ba, sai na kira tela maƙwabcina. Ya gyara tabarau ya ce, "Baba Direba, kwana bakwai suka ba ka. Ko ta tashi ta sami takardar lafiya, ko su kwashe ta su ba 'yan gwangwan su yanka."

Na ce su wa?

Ya ce, "Hukumar Kawar da Matattun Motoci."

Ban san an haife ta ba. Ramin da ke bakin layinmu ya girmi jikata, ba a taɓa kafa masa hukuma ba. Amma madalla, manya sun tuna da mu.

Giwa nake kiran babbar motar nan. Shekara ashirin da shida ina tuƙa ta, a bayanta na ciyar da 'ya'ya bakwai. Shekara takwas ke nan tana tsaye a ƙofar gida, tun da gwiwa ta hana ni taka kuloci. Ba mutuwa ta yi ba, hutawa take. Wanda zai sa mata wuta ya yanka, sai ya fara da ni.

Na aika aka kira Sifana, bakaniken da muka tsufa tare. Ya buɗe ƙofar direba, kaji uku suka tashi a fuskarsa. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, a bi a hankali, baƙar tana kwanci."

Na ce mota ce ko akurki?

Ta ce, "Shekara takwas ba ka tambaya ba, ƙwan kuwa kana ci."

Aka kwashe kaji.

Ɓera ya cinye wayoyi. Rina ta yi gida a matatar iska, ta sallami Sifana da kumburarren kunne. Man da ke tanki ya yi kauri kamar kwalta, muka juye shi muka wanke tankin. Taya biyu sun tsage, muka samo na hannu muka sa. Batir muka aro wurin mai injin niƙa, da sharaɗin a mayar kafin mata su kawo niƙan yamma. Kwana uku ina danna famfon mai da babban yatsa, Sifana yana sassauta bututu iska tana fita. Ran na huɗu ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta kama. Hayaƙin ya mayar da shanyar uwargida baƙa ƙirin. Na shiga ɗaki na ɗan jima, wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Ranar Juma'a na sa babbar riga na tafi hukumar. Na sami shugabanta, Mai Girma Sarkin Hatimi, ya kishingiɗa a kujera, iska mai sanyi tana kaɗa shi.

Na ce, ranka ya daɗe, motata ta tashi, takarda nake so.

Ya ce, "Sai ka kawo ta fili a gwada."

Na ce gobe zan tuƙo ta.

"Ba a hawa titi da motar da ba ta da takarda, Baba."

To ta yaya za ta zo?

"Janwenmu zai jawo ta. Ranar Litinin. In ƙarfe huɗu ta buga ba ta cikin fili, ta zama ta 'yan gwangwan."

Ka ji ilimi. Mu da ba mu yi boko ba, da mun ɗauka mota mai tafiya da ƙafarta ita ce mai lafiya.

Janwen nan na san shi, ban dai san na hukumar nan ba ne. Ran da aka sayo shi an kafa rumfa, an yanka ƙyalle, an yi jawabi har rana ta karkata. Litinin ɗin ƙarfe biyu sai ga shi, fenti yana ƙyalli, fitilar kansa tana juyawa. Ya faɗa ramin bakin layi, ya fito, ya matso gaban Giwa, ya yi shiru. Direban ya murɗa makulli har ya yi gumi. Sifana ya ƙwanƙwasa tankin da ƙarfe, muka ji amon gwangwani.

Na ce, ɗana, ina manku?

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi Baba, a takarda tankin cike yake."

Na duba agogo, uku saura kwata. Na ce masa doka cewa ta yi janwe a gaba, Giwa a baya, ko ba haka ba? Ya ce haka ne. Na ce ta faɗi wanda zai yi nishi a cikinsu? Ya yi tunani ya ce ba ta faɗa ba.

Muka ɗaura sandar ƙarfe tsakaninsu. Na ce ya cire giya, ya riƙe sitiyari, ya bar fitilarsa tana juyawa, kada ƙafarsa ta kusanci birki sai ya ji ham. Na hau. Gwiwa ta yi ƙara, na ce mata yau ba ranarki ba ce. Giwa ta sa kai ta tura.

Haka muka ratsa gari. Mutane suna tsayawa a bakin titi suna yaba wa hukuma. Wani mai shago ya ɗaga murya ya ce, "Yanzu muka ga aiki. Dubi yadda yake jan ƙatuwar nan ko ƙarar inji ba ka ji." Na gode masa a madadinsu.

Huɗu saura minti bakwai muka shiga fili. Sarkin Hatimi ya fito da mai hoto, ya tsaya tsakanin motocin ya dafa janwe, aka ɗauka. An ce hoton zai shiga rahoton shekara.

Sai gwaji. Na'urar gwada birki tana cikin akwatin da ta zo, ba a ɓalle ƙusa ko ɗaya ba. Mai gwajin ya zagaya Giwa, ya shuri taya, ya ce in danna ham. Na danna, tsuntsaye suka watse. Ya ce lafiyarta ƙalau. Aka buga hatimi. Jan fentin ƙofa kuwa aka ce wani sashe ne ke gogewa, ba a kafa shi ba tukuna.

Na dawo gida, mijin 'yata yana jira, shi zai riƙa fita da ita. Uwargida ba ta ce sannu ba. Ta ce, "To Malam, ina baƙar za ta yi kwanci yanzu?"

Na ce ta kwantar da hankalinta. Na san wata mota sabuwa fil a filin hukuma, tankinta cike a takarda, kujera mai laushi, ga inuwa, ga mai gadi a bakin ƙofa. Wadda kaza za ta ƙyanƙyashe a cikinta, 'ya'yan su girma su yi nasu ƙwan, ba wanda ya motsa ta.