Yadda Za Ka Gama Littafi Arba'in da Kunne Ɗaya

Iyafis ɗin da ake saƙala wa waya, na Tijjani, mai kula da injin bokiti a wani kamfanin roba a Sharada, kunne ɗaya ne ke aiki. Ɗayan an naɗe shi da salatif. Da shi ya saurari littafi arba'in bana, in ji shi. Bi sawunsa, kafin wata ya mutu za a fara ce maka Malam. Tabbas ne.

1. Zaɓi inda ba a jin komai.
Kunna littafin a gindin inji, inda ko lokacin salla sai an taɓa kafaɗarka. Kai dai riƙa gyaɗa kai. Ilimi ya san hanya.

2. Ninka gudun muryar.
Mai karatu takan ja numfashi inda uwa ke sallamar ɗanta a tasha. Ɓata lokaci ne. Ka sa ta gudu.

3. Raina masu jin daɗi.
A rumfar Ladidi mai abinci, ma'aikata kan kewaye waya ɗaya, shinkafa na hucewa, Malam Gwadabe direban tirela na cewa, "Mai da shi baya, ban ji amsar da ta ba shi ba." Wata biyu suna kan littafi ɗaya. Taɓe baki.

4. Samo wadda za ka burge.
Tijjani ya zaɓi Zulaihat ta ɗakin gwaji, da niyyar aure. Ba ta cika magana ba, amma ta tura masa littafin nan na rumfa. Ba ta gaya masa ita ta karanta shi ta ɗauka a waya ba, babi-babi, duk Lahadi a gidansu a Panshekara, fanka a kashe don kada ƙara ta shiga.

5. Yanke hukunci gaban jama'a.
"Malam Tijjani, ka samu ka saurara?" Zulaihat ta tambaya a rumfar Ladidi, ido a kwano.

"Tun jiya na gama. Labarin ba laifi. Amma mai karatun, sai ka ce zabuwa ta hango shaho. Wa ya ba ta waya?"

"Yaro," in ji Gwadabe, "mu muryar ce ta zaunar da mu."

Ladidi, wadda ta san mai muryar, ta ci gaba da kwashe shinkafa.

Gargaɗi: alkawarin da aka yi maka na littafi arba'in ne. Duk abin da ka rasa a hanya, kai da kunnenka. Tijjani yana tsaka da bayanin amfanin ninka gudu Zulaihat ta ajiye cokali, ta gyara mayafi, ta bi bayan tirela ta koma aiki.