Rasuwar Ƴar Kwatano, Motar Da Muka Ƙara Wa Lam

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai da ya ƙi ɗaguwa tun jajiberin Sallah, ni Siddo, direban kamiyo a tashar manyan motoci ta Gaya, ina sanar da ƴan uwa da abokan arziki na nan gida, da na Bengu da Zabori, rasuwar motarmu Ƴar Kwatano. Marigayiyar motar wasa ce ja mai ƙafa huɗu, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, irin wadda ake tuƙawa daga nesa da telekoman. Ta cika ranar jajiberin Sallar Layya bayan la'asar, a gaban shaidu goma sha ɗaya, tana da wata biyu da kwana tara a hannunmu.

Na ce a hannunmu, amma sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce, don haka bari in gyara. Motar ta ɗiyata Nuriya ce, ƴar shekara takwas. Kawunta Abdulmalik, ƙanin matata Bibata, wanda ke sayar da atamfa a Kwatano, shi ya aiko mata da ita goron Ƙaramar Sallah, da sunanta rubuce a kan kwalin da manyan baƙaƙe. Marigayiyar ta haye kogi ne cikin kwalekwale, a cinyar wata mai kifi, domin gadar iyaka a rufe take. Tawa kamiyon kuwa, tun da aka rufe gadar tana nan tsaye a tasha, ƙadangaru na shan inuwarta. Duk wanda ya san direban da ya daɗe bai riƙe sitiyari ba zai gane halin da nake ciki lokacin da aka buɗe kwalin.

Allah ya sani, marigayiyar ta zo duniya da kyawawan halaye. Ba ta taɓa neman man fetur ba, cajin batir kawai take so, shi ma ba ta tsawwalawa. Ba ta taɓa kwana a layi ba, ba a taɓa tambayarta takardu ba. In ta tashi, muryarta siririya ce, wiiiiii, sai ka ga kajin Bibata sun watse ko'ina. In ta hau tsakuwa takan yi rangaji, ta lanƙwasa, ta miƙe, ta wuce abinta. Wannan rangajin ne ya ɗaga mini hankali.

Na sa babban yatsa na danna bayanta, sai ta nutse har ƙasa. Na leƙa ƙarƙashinta na ga hannayen da ke riƙe da tayoyin duk na roba ne, amortisar masu shanye gargada kuwa ƴan mitsi-mitsi, har iska na iya lanƙwasa su. Shekara ashirin da biyu ina tuƙi, kuma kowa ya san ƙa'idarmu a Gaya: mota ba ta hawa hanya yadda kamfani ya ƙera ta. Kafin ta ɗauki buhu ɗaya sai an kai ta gareji an ƙara mata lam, ƙarafan nan da ke ɗauke nauyi a ƙarƙashi, domin mai ƙera mota bai san hanyarmu ba, bai kuma san lodinmu ba. Haka muka tarar, haka muke yi. Nuriya na tsaye da kayan Sallarta, ta miƙo hannu biyu tana jiran telekoman, na ce mata ta yi haƙuri a ƙarfafa motar tukuna, kada ta karye a hannunta ta yi kuka. Ta yarda, domin yarinya ce mai jin magana.

Washegari na kai marigayiyar tasha don gwaji, na kuwa buga ta da saiwar itacen bedi, hannun gaba na hagu ya karye, ɓas. A cikin kwalin akwai wasu hannayen roba biyu sababbi cikin leda. Ni da abokan aikina muka duba su, muka yanke hukunci cewa kamfani da kansa ya amsa laifinsa ke nan, tunda ba wanda zai haɗo ka da magani sai in ya san ya sayar maka da cuta. Da Abdulmalik ya ji labari ya turo saƙon murya, yana cewa: "Yaya Siddo, hannun nan don ya karye anka yi shi. In ya karye, sauran jiki ya tsira. Kwance ƙusa guda ka sa sabo, ka ba yarinya abinta." Na kunna saƙon a majalisa aka yi ta dariya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna yadi, shi zai koya mana mota.

Daga nan marigayiyar ta shiga hannun likitanta, Malam Sa'idu mai walda, wanda rabin kamiyon tashar nan sun bi ta ƙarƙashin wutarsa. Shi ma kasuwarsa ta yi sanyi, don haka ya ba ta kulawar da bai taɓa ba tirela ba. Ya yanko ƙarfen tsohon gado ya fitar mata da hannaye huɗu, ya goge su har suna ƙyalli. Muka sake kai ta gindin bedi na buga ta da gangan. Hannu bai karye ba. Abin da ya karye shi ne wuyan da taya ke juyawa a kai. Majalisa ta zauna, aka ga cewa wannan ci gaba ne, domin cutar ta matsa daga inda take. Aka yi wa wuyan na ƙarfe shi ma.

Ya kamata a nan in yi godiya ga majalisar direbobi, waɗanda ba su taɓa barin marigayiyar ta yini ba shawara ba. Mutum goma, kowa da lasisinsa a aljihu, ba mai inda za shi. Yazidu, wanda a da yake jan tirelar siminti, shi ya kawo shawarar a zuba wa amortisar baƙin man giya mai kauri, domin na ciki ya cika ruwa-ruwa. Wani ya ciro ƙarfe mai murɗe daga injin babur aka sa a madadin na jikin amortisar. Ni kuma na tsaya kai da fata cewa mota ba lam ba mota ba ce, sai Malam Sa'idu ya yanka tsofaffin ruwan zarto, ya jera huɗu a dama huɗu a hagu, ya ɗaure su da bulon, ƙusoshin nan masu noti. Ranar da aka gama na sake danna bayanta da yatsa. Yatsan ne ya lanƙwasa. Har tafi aka yi.

Tun daga ranar muryarta ta sauya. Wiiiiii ɗin nan ya tafi, sai ƙirrr, ƙirrr, kamar injin markaɗen da aka cika wa wake. Rangaji ya ƙare. In ta taka tsakuwa sai ta yi gau, gau, duk jikinta ya amsa. Nauyinta ya ninka, batir da ke kai ta rabin awa ya koma ba ya kai ta shan shayi ɗaya, injin yana zafi har ba a iya taɓa shi. Duk waɗannan alamu mun gan su da idanunmu, kuma mun fassara su da cewa ta girma.

Ita kuwa Nuriya, da farko kullum in ta taso lakwal, wato makaranta, sai ta biyo ta tasha da jakarta a baya, ta tsaya nesa kaɗan da maza, ta ce: "Baba, ta yi ƙarhi?" In ce saura kaɗan. Daga baya ta koma sai ranar Juma'a. Daga baya kuma ta daina tambaya, sai dai in na dawo gida da motar a hammata ta bi ta da ido har in ɗora ta kan kabad. Bibata ta yi mini magana sau biyu, a na ukun ta ce ita dai ta san kwalin da sunan wa ya zo. Maganar ta dame ni, ba zan ɓoye ba. Saboda haka na kira Nuriya na yi mata alkawari cewa ranar Sallar Layya, da an sauko idi, telekoman zai shiga hannunta. Ta tambaye ni ko da gaske. Na rantse mata. Ta je ta gaya wa ƙawayenta uku su zo su gani.

To, amma ƙa'ida ba ta tsaya ga ƙarin lam ba. Motar da aka ƙarfafa ba a miƙa ta ga mai ita sai an gwada ta da lodi, in ba haka ba an ci amanar aiki. Ranar jajibere Bibata ta aike ni sayen albasar suyar nama. Na sayo tiya guda, na bi ta tasha, shaiɗan kuma ya riga ni isa. Muka ɗaure albasar cikin ƙaramin buhu a bayan marigayiyar, muka jingina katako a kan bulo biyu don ta hau ta yi tsalle ta dira. Yazidu ya ce bulo biyu raini ne ga irin aikin da aka yi mata, aka ƙara na uku. Na ja da baya, na danna wuta har ƙarshe. Ta taso tana ƙirrr, ta hau katakon da ƙyar, ta kai baki, ta tafi ƙasa.

Ƙas. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe.

Shasinta, ƙashin bayan da komai ke ɗaure a kai, wanda shi kaɗai muka bari na roba, ya rabe gida biyu daga gaba har baya. Haƙoran giya suka zube cikin rairayi, batir ya yi nasa waje, albasa ta gangara har ƙarƙashin tawa kamiyon. Tayar baya ɗaya ta ci gaba da juyawa ita kaɗai na ɗan lokaci, sannan ta tsaya. Malam Sa'idu ya tsuguna ya juya gawar, ya ƙwanƙwasa kowane ƙarfe da bayan sukundireba, sannan ya ɗago da fuska a sake ya ce: "Ku duba da kyau. Abin da munka sa ko gezau bai yi ba. Na kamfani ne ya watse." Majalisa ta amsa da cewa gaskiya ne. Nan take wani ya fara bayanin yadda za a yi shasi na ƙarfe, ni kuwa ina tsaye da telekoman a hannu, ina tunanin cewa gobe Sallah.

Marigayiyar ta rasu ta bar hannayen ƙarfe huɗu, dukansu cikin ƙoshin lafiya. Ta bar lam takwas da amortisar huɗu, waɗanda har yanzu ba su san an yi rasuwa ba, tunda ba su ji faɗuwar ba. Ta bar hannayen roba biyu cikin ledarsu, ba a taɓa buɗe su ba, kuma ina roƙon jama'a kada kowa ya tambaye ni game da su. Ta bar telekoman da sabon batir a ciki. Albasa an tsince ta, ta shiga suya, sai dai mai suyar, Bibata, ta juya mini baya har aka sauke kasko. Ranar Sallah ƙawayen Nuriya uku sun zo da lalle a hannu, sun zauna a tabarma, sun ci nama, sun tafi. Ban fito daga ɗaki ba sai da na ji an rufe ƙofar gida.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Za a mayar da marigayiyar cikin kwalin da ta zo da shi ranar Asabar da hantsi, a garejin Malam Sa'idu. Ba duka za a rufe ba, domin likitan ya nemi a bar masa hannayen da lam ya rataye a ƙofa, masu kawo aiki su ga irin ƙarfin hannunsa. Za a karɓi gaisuwa a gindin bedin tasha daga azahar zuwa la'asar. Kowa ya zo da sukarinsa. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da addu'a kawai, wanda ke da shawara ya bar ta a gida, mun ƙoshi. Masu haye kogi zuwa Malanbil, garin ƙetare, kuma, don Allah su riƙe bakinsu, ba a sanar da Abdulmalik ba tukuna, ana neman wanda zai iya jure abin da zai faɗa.

Bisa al'ada, mai rashi shi ke zama a karɓi gaisuwa a wurinsa. Don haka jiya da safe na sami Nuriya tana wanke kwanoni a bakin rariya, na tsuguna kusa da ita, na ba ta haƙuri, na ce ta zo ranar Asabar ta zauna gefena tunda motarta ce. Na miƙa mata telekoman. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube shi, ta dube ni, hannunta na cikin ruwan sabulu ba ta fitar ba, ta ce: "Baba, ni ban san ta ba. Kai ka zamna, taka ce."

Saboda haka masu zuwa gaisuwa za su tarar da ni ni kaɗai a kan tabarma. Allah ya ba mu haƙurin abin da muka yi da hannunmu.

Sanarwa daga Siddo direba, a madadin iyalan da suka ƙi sa hannu.