Yadda Ake Haɗa Kartun da Tunkuzar Inna

Kai ɗalibin shekarar ƙarshe, an ce ka kawo gajeren fim ɗin kartun ko ka maimaita aji. Baba kuwa ya rantse in ka maimaita, fartanya ce bironka na gaba. Ga tsadar da ta sa ko gishiri sai an yi shawara. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, in ba ka haye ba, ka same ni Bagwai ran kasuwa ka tsine min.

Mataki na 1: Naɗa kanka darakta

Kada ka jira a zaɓe ka. Karkata hula, ka riƙa cewa "a sake" ko ba a fara ba. Furodusa kuwa abokinka Basiru ne. Bai san komai a fim ba, amma wansa ke da shagon cajin waya a bakin tasha. A zamanin nan wannan ya fi digiri.

Mataki na 2: Manta da kwamfuta

Masu kwamfuta suna can suna jiran wuta. Kai mutum-mutumi za ka gina, ka ɗauke shi hoto, ka ɗan matsa hannunsa, ka sake ɗauka, har in an jera hotunan ya zama yana motsi. Laka tsagewa take a rana. Don haka ka tari Inna Hure ranar da take matsar man gyaɗa, ka durƙusa ka roƙi tunkuza.

Za ta ce, "Abin da zan soya ƙuli-ƙulin kasuwa za ka yi wasan 'yartsana da shi?"

Ka ce, "Inna, karatu ne."

"Oh ni Hure! Ga curi ɗaya. Ka dawo neman ƙari, muciya ce za ta amsa maka."

Mataki na 3: Gina jarumi

Sunansa Mati, ƙaton ɗan dambe da ya gagari ƙauye. Cika masa damtse, fito masa da tumbi, sa masa idanun masoro. Kada ka yi rowa. Za ka gane dalili nan gaba.

Mataki na 4: Kada ka kalli hannun kowa

Ku zauna gindin darbejiya. Basiru na riƙe waya, Barira 'yar ajinku na yin muryoyi. Cikinku babu wanda ya karya, rana kuma ta fara ɗumama Mati, ƙamshin gyaɗa na tashi.

Basiru zai ce, "Darakta, damtsen nan ya yi yawa, bari in daidaita." Barira za ta ce kunnen hagu ya ɗara na dama. Kada ka tambayi inda rarar ke zuwa. Kai ma in sun waiwaya ka gyara tumbin, ai kai ne shugaba. Masu iya magana sun ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Mataki na 5: Kada ka kalli fim ɗin sai an gama

Duba hotuna cin caji ne, bari sai ana gobe miƙawa. A nan za ka ga Mati ya shigo fili kamar rumbu, ya yi zagaye na biyu wuyan ya zube, kafin damben ƙarshe ya koma sillen kara mai kai. Za ka hango gonar Baba tana ɗaga maka hannu. Babu tunkuzar sakewa, babu lokaci.

Kada ka yi kuka. Goge sunan "Mati Gagarau", rubuta "Halin da Ake Ciki". Barira ta cire kirari ta sa nishi.

Mataki na 6: Ranar nunawa, ka yi fuskar tausayi

Malam Iliyasu mai ba da maki zai cire tabarau ya share ido.

"Wallahi haka na zube tun da aka cire tallafin mai. Kawo jarumin in gani kafin in sa hannu."

Ciro abin da ya rage daga aljihu, kan Mati ne kawai da ido ɗaya. Miƙa da hannu biyu. Malam zai juya shi, ya shinshina, ya dubi ƙofa.

"Gyaɗar bana ce?"

"Ta bana ce, Malam."

Zai jefa a baki, ya tauna a nutse, sannan ya ɗauki biro. "Ka haye. Amma da an soya shi, da makin ya fi haka."

Gargaɗi

In Basiru ya wuni yana zarya bayan gida, shi da cikinsa. In kuma Malam ya ce a yi kashi na biyu mai jarumai goma da taron 'yan kallo, kai za ka tunkari Inna. Ni ban san ka ba, ban taɓa ganin gidanku ba.