Rasuwar Mabohobe, Tukunyar Burodin Gidan Ramokoatsi

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kwano cike da kwaɓin da ba shi da wurin gasawa, ni Moleboheng Ramokoatsi, a madadin kakata Mme Mapaseka (Mme a wajenmu na nufin uwa) da sauran iyalinmu na ƙauyen Ha Rantsho da ke kan tsaunukan Mokhotlong, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, har da waɗanda labarin ya yi wa daɗi, rasuwar uwarmu mai ciyar da mu, tukunyar ƙarfenmu ta gashin burodi, wadda kowa ya sani da Mabohobe, wato uwar burodi. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce a bakin rafi, a hannun da bai saba riƙe ta ba.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya. Kakanmu ne ya ɗauko ta a kafaɗa daga ramukan zinariya na Johannesburg, kuma ban da tari, ita kaɗai ce abin da ya dawo da shi. Kaka takan ce tukunyar ta fi shi zaman gida, ta kuma fi shi kawo abinci.

Baƙa ce wulik, mai faɗin gindi da gajerun ƙafafu uku. Ba ta taɓa neman lantarki ba, domin ta san ba mu da shi. Ba ta taɓa neman gas ba. A zuba mata garwashin busasshen kashin shanu a ƙasa, a zuba wani a kan murfi, shi ke nan ta gode. Ba ta da yawan magana. Idan zafi ya fara shigarta takan ce “tas, tas,” a hankali, kamar tsohuwa tana miƙe gwiwa. Idan burodi ya nuna aka ɗaga murfi takan ce “fuuu.” Idan kuwa wani marar tarbiyya ya saki murfin da ƙarfi, sai ta ce “ƙwal!” sau ɗaya, kowa a gidan ya shiga taitayinsa.

Zumuncina da ita ya fara ne bayan na dawo daga jami'a da digiri a fannin tattalin arziki. Na bi ofisoshin Maseru, babban birni, har dugadugan takalmina suka cinye. Duk sun ce za su kira ni. Ina nan ina jira, lambata ba ta canza ba. Da na hawo gida, matan bakin famfo suka raɗa mini Ausi Digiri, wato ’yar uwa mai digiri, suna tambayata ko takardar tana dahuwa idan an jefa ta a ruwan zafi. Marigayiya kaɗai ce ta ɗauke ni aiki ba tare da ta tambayi wa na sani ba. Ta ƙona mini yatsu, ta ƙona mini burodin farko har kare ya shinshina ya wuce, sannan ta yarda da ni. Tun daga nan malaman firamare da ma'aikaciyar asibitin ƙauye da makiyaya suke cin hannuna, kuma ban sake roƙon kowa kuɗin sabulu ba. Digirina yana nan rataye a bango, yana fuskantar murhu, don ya ga yadda ake aiki.

Masu gajeren tunani za su so a tuna musu da hunturun bara waccan. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, motar burodi ta daina hawowa, shagon Ntate Khoabane, dattijo mai kantin ƙauyen, ya koma ba komai a kan kantarsa sai man takalmi da kalandar bara. A kwanakin nan marigayiya ba ta huce ba. A sauke wannan, a shafa mata kitse, a zuba wancan. Da garin alkama ya ja baya muka haɗa da na masara, ba ta yi ƙorafi ba. Muka yayyanka burodin muka busar da shi a jikinta har ya yi ƙarau, muka cika gwangwanaye, aka ɗora wa jaki zuwa wurin makiyayan da suka maƙale a saman dutse da tumaki. Ba wanda ya kwana da yunwa a layinmu. Matan da suka tambaye ni ko takarda tana dahuwa sun tsaya a ƙofarmu cikin barguna, kowace da tawul a hannu, suna cewa “Ausi Moleboheng, ’yar albarka.” Sunana na gaskiya ya dawo musu a makon nan. Da ƙanƙara ta narke ya sake ɓace musu.

Game da ajalinta, iyali ba sa zargin kowa, musamman Kawu Tsietsi, ƙanin mahaifiyata. Ba ma zarginsa da shigowa gida ina wurin niƙa ya ce wa Kaka, “Mme, aron minti biyu.” Ba ma zarginsa da kai ta bakin rafi inda shi da abokansa suka dafa kawunan tumaki a cikinta, ita da ba ta taɓa ɗanɗana komai ba sai kwaɓi. Kuma ko kusa ba ma zarginsa da cewa, da suka gama, tana jawur da zafi, ya ga ya kamata ya dawo da ita a wanke kamar mutumin kirki, sai ya tsoma ta cikin ruwan da ƙanƙara ta fara kamawa. Waɗanda ke wurin sun ce ta yi magana sau ɗaya. Ta ce “ƙas.” Ta tsage daga baki har gindi.

Ya dawo da ita a nannaɗe cikin bargonsa, ya ajiye ta a bakin ƙofa a hankali, ya ce mini, “Dama tana da tsagar nan tun tuni, ke ce ba ki lura ba.”

Na ɗora ta a jaki zuwa gari wurin mai walda. Ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya kara kunne, ya cire hularsa. Ya ce, “Ausi, irin wannan ƙarfen ba ya karɓar ɗinki. Ki mayar da ita gida cikin ’yan uwanta.” Na yi mata gwaji na ƙarshe duk da haka. Toka ta shiga ta tsagar, burodin ya fito rabi gawayi rabi ɗanye. Kaka ta rufe ta da murfi da hannunta.

Ta rasu ta bar mijinta, murfi, wanda yanzu ke jingine da bango, tun ranar bai ce uffan ba. Ta bar ɗanta, tsohon kwaɓi mai tsami da ke cikin kwalba, wanda bai san abin da ya faru ba, yana ta kumbura kowace safiya yana jiran uwarsa. Ta bar buhun garin alkama da na tanada domin hunturun bana. Ta bar Kaka, wadda haƙoranta suka rage uku, ba kuma a jere suke ba, ba ta iya cin komai da safe sai tsakiyar burodi a jiƙe cikin shayi. Ta bar ni.

Muna godiya ga waɗanda suka riga suka zo ta'aziyya. Na farkonsu Kawu Tsietsi ne. Ya zauna, ya sha shayinmu, ya ce, “To, ’yar nan, Allah ya raba ki da wasan toka. Na yi magana da wani a masana'antar ɗinki a Maseru. Motar Litinin za ki bi, kafin hanya ta rufe. Tsohuwa kuma ta koma wurin matata.”

Kaka ta ce, “Matarka da take dafa shayi kamar ruwan wankin ƙafa?”

Ya ce, “Mme, ana maganar rayuwa.”

Ta ce, “Ita nake yi.”

Gaskiyar da ke bakinsa ɗaya ce: ba tukunya, ba burodi, ba ni da abin da zan riƙe gidan nan da shi, sabuwa kuma ta fi ƙarfina sai an sayar da ulu bayan sanyi. Tukunya ɗaya ce irinta a ƙauyen nan, ta ƙungiyar matan da ke zubin kuɗin jana'iza, wadda ke kulle a ɗakin shugabar ƙungiyar, Mme Malikhapha. Na je aro. Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi ta ce, “Ausi Digiri, ba a koya muku a jami'a ba? Tukunyar ƙungiya ba ta fita sai gidan makoki. Kowace ’yar ƙungiya sau ɗaya take da ita, ranar da aka fitar da gawa daga ɗakinta.”

Na tuna mata cewa ta fita ranar da dokin sukuwar mijinta ya faɗi ya mutu.

Ta ce, “Wannan daban ne.”

Na ce lallai daban ne, domin a ranar marigayin ne da kansa aka dafa a cikin tukunyar.

Ta rufe mini ƙofa.

Washegari Kaka ta yafa bargonta na zuwa coci, ta ɗauki sanda, ta shiga taron ƙungiya ba a gayyace ta ba. Ta ce, “Malikhapha, tun kina yawo ba wando nake zubi a ƙungiyar nan. Ina da rana ɗaya a tukunyar can ko ba ni da ita?”

“Kina da ita, Mme, Allah ya nisanta ta.”

“To na ba Mabohobe. An fitar da gawa daga ɗakina. Ranar tawa ku dafa a kwanon wanki, ba ni zan ci ba. Yanzu ne nake da baki.”

Wata daga baya dariya ta kufce mata, ta mayar da ita tari. Mme Malikhapha ta ga idanu sun yi mata yawa. Ta gyara zama ta ce, “Shi ke nan. Amma in makoki ne, a yi shi sosai. Mai digiri za ta aske kanta ƙwal kamar kowace mai rashi. Za ta ɗaura baƙin ƙyalle a wuya. Rana ba za ta faɗi tana waje ba, kuma ba za ta taka ƙafa bayan ƙauyen nan ba sai an cire mata shi. Mu ga ko gashin nan da take taƙama da shi zai yarda.”

Ta ɗauka ta kama ni. Gashin nan na shekara huɗu ina tara shi. Ina rubuta wannan sanarwa iska tana kaɗa mini ƙeya, kuma ina shaida wa jama'a cewa kaina yana da kyakkyawan siffa, abin da ba kowa a ƙungiyar zai iya faɗa game da nasa ba.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a bayan ɗakin girki. Ba za a binne ta duka ba. Za a cika ta da ƙasa a shuka albasa, don ta ci gaba da ciyar da gidan ko bayan ranta. Kawu Tsietsi, a matsayinsa na babban namijin dangi, shi zai ɗauko tukunyar ƙungiya daga gidan Mme Malikhapha a kafaɗarsa. Ba a yarda ya bi ta bakin rafi ba. Za a raba burodi mai zafi ga duk wanda ya halarta, har da matan bakin famfo, muddin sun tuna sunana.

Tukunyar ƙungiya za ta zauna a gidanmu har ƙarshen makoki, kamar yadda al'ada ta tanada. Kaka, a matsayinta ta babbar mai rashi, ita ke da ikon yanke ranar cire baƙin ƙyalle, kuma ta duba zuciyarta ta ga ba za ta huce ba sai ƙanƙara ta narke an sayar da ulu. Idan wani a ƙauye ya yi niyyar mutuwa a tsakanin nan, muna roƙonsa ya daure, in kuma ya gagara, za mu ba da aron kwana biyu.

Ga Kawu da mutuminsa na masana'anta, muna ba da haƙuri game da motar Litinin. Da na so in bi ta. Amma kowa ya ji da kunnensa, mai makoki ba ta tafiya.

Ba a buƙatar furanni. Mai son nuna alhini ya zo da busasshen kashin shanu.